Kiran Tsakar Rana

Kin tambaye ni, Kulu, a bakin shagon buga takardu,
yatsanki a kan shafi na ɗari da bakwai,
wai ina na samo matar nan
mai kiran mutane da sunansu na yanka.
Na ce daga kaina ne. Ƙarya na yi miki.

Masu rubuta tsoro sun fi son dare.
Ni ɗan Sakkwato ne, dare abokina ne,
shi ke huce mana tabarma a tsakar gida,
shi ke kawo mai shayi da hira.
Abin tsoro a garin nan ƙarfe biyun rana ne,
cikin bazara, in kwalta ta yi laushi a Gawon Nama,
akuya ta rasa inuwar rakuɓewa,
titi ya mutu, ƙadangare ya daina gyaɗa kai.
A lokacin, in an kira ka, ba ka amsawa
sai ka ji na uku.

Inna Ige ta koya mana.
Ba ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla,
wai akwai masu jego ƙarƙashin makwarara.
Mu kan yi dariya. Ita ba ta yi.

A gidanmu akwai rijiya
da aka toshe da siminti shekarar da aka haife ni.
Kan murfinta muka sha fura, muka koyi ƙirga.
Sai da na yi gemu na ji sunan Nahantsi,
ƙanen babana, da ba ya cikin hoto ko ɗaya.
Aka ce ya tafi kurmi fatauci.
Aka ce gulbin Rima ya ci shi.
Aka ce ciwon kai na kwana biyu.
Mutum ɗaya, tafiya uku, kabari babu.

Daga nan littafin ya tsiro,
kamar ƙaiƙayi a wurin da hannu ba ya kai.

Na zaga neman sauran.
Na zauna a majema har warin bagaruwa ya kama rigata,
don in san yadda fata ke manta dabbar da ta rufe.
Ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa wani masunci, Cindo,
yana ɗinkin koma bai ɗago kai ba ya ce:
ruwa ba shi cin baƙo, yaro,
sai ɗan gari ya nuna mai.
Mai gadin ɗakin gawa a asibiti ya karɓi gorona,
ya ce shekara ashirin mamaci bai taɓa hana shi barci ba,
masu zuwa ɗaukarsa ne,
da suke rabon gona tun a bakin ƙofa.

Na so in yi aljana mai kofato da gashi har ƙasa.
Ta ƙi.
A babi na sha tara ta ajiye mini kofaton,
ta zama murya kawai.
Ba ta shaƙe kowa, ba ta shan jini.
Kira take yi.
Wanda ya san abin da ya binne, shi ke faɗuwa,
kuma mai laifin nawa yana da hula mai kyau,
ba ya rasa sahun farko.

Mahaifiyata ta sa aka karanta mata shi dare huɗu.
Ba ta ce ya yi daɗi ba, ba ta ce ƙarya ne ba.
Washegari ta janye tabarmarta daga kan murfin,
ta koma gindin darbejiya.

Ran Alhamis na rubuta layin ƙarshe.
An ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
agogo ya ce biyu da minti shida.
Sai na ji sunana daga tsakar gida,
wanda aka raɗa mini ran suna, ba wanda kuka sani ba.
Sau ɗaya.
Sau biyu.

Ki buga shi yadda yake, Kulu, kar ki gyara komai.
Ni dai har yanzu ban amsa ba.