Lissafin Taya

A tashar Dukku Manu ya sayar mini da ita,
ya nuna takarda: kilomita dubu sittin,
in ji maƙeranta.

Wanda ya rubuta lambar nan
bai taɓa bin hanyar Bajoga da siminti buhu ashirin ba,
bai san kwalta da azahar ba,
balle ramin nan na gaban Kwami
mai jiran kowa.

Dubu ashirin da ɗaya, zanenta ya suɗe
kamar ƙasan tsohon silifa.
Bappa mai faci ya shafa ta, ya yi dariya:
"Ai takarda ba ta ɗaukar lodi."

Yanzu tana ƙofar gida,
Hajjo na gara ta da kara.
Sauran dubu talatin da taran
ita za ta cika su.