Jika Ɗari da Tamanin

Shekara tara ina durƙuso a gidajen Kwara Kano,
almakashi a hannu, ina yi wa ƙasa aski.
A Buza, inda aka binne cibiyata,
ciyawa a kan rumfa ake ɓoye ta saboda rani.
A Yamai kuwa da famfo ake shayar da ita safe da yamma,
in ta yi tsawo a ce ta yi laifi.

Da gwiwata ta fara kukan tsohon ƙyaure,
Barira ta kwashi adashenta ta zube mini a tabarma.
Na haɗa da kuɗin ragon da ban yanka ba:
jika ɗari da tamanin, a ƙulle cikin ledar sukari.

Na fara da kanti mai ƙofar gilashi.
Yaron kanti ya nuna mini wani mai igiyar lantarki,
ba hayaƙi, ba ƙara, in ji shi, tafiyar kyanwa.
Na ce, ranar da aka ɗauke wuta fa?
In tsaya da igiya a hannu
kamar mai guga a bakin ƙafaffiyar rijiya?
Kuɗinsa ma ya haɗiye ledata sau biyu.

A Babbar Kasuwa na ga wani ja, sabo fil cikin kwali,
sunansa da ruwan zinariya, mai shagon ma bai iya faɗinsa ba.
Jika casa'in!
Zuciyata ta riga ni zura hannu a aljihu.
Na ƙwanƙwasa bayansa da farce,
ya amsa mini da muryar gwangwanin madara.

Sai Katako, bayan layin masu ƙera tukwane,
rumfar Sumana mai gyaran injin ban-ruwa,
Hausarsa da ɗan gishirin Zabarmanci.
Ya ce, ɗan Adar, ba suna za ka tura ba.
Ranar da buji ya mutu, a wace rumfa za ka samo wani?
In wuƙar ta daki dutse, maƙeri zai wasa ta,
ko sai ka jira motar Kwatano wata biyu?
Ka sayi wanda danginsa ke garin nan,
baƙon inji maraya ne.

Ya janyo wani kore daga ƙarƙashin buhu,
fenti ya zube, taya guda ba ƴar uwar sauran ba ce.
Ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙarfen:
ji, da sanyinsa.
Kada ka yarda da wanda aka ɗumama kafin ka iso.
Ya zaro sandar mai, kalar shayi na biyu.
Ja da kanka.

Na ja, ya yi tari.
Na sake ja,
kajin rumfar gaba suka watse.
Muka tsuguna muna duban hayaƙi kamar masu neman wata,
babu shuɗi ko kaɗan.

Na taya ɗari da ashirin, ya ce albarka.
Muka sha ruwa, muka gaisa da wani, muka koma.
A ɗari da arba'in da biyar ya sallama,
ya ɗora mini gyaran buji guda a takarda.
Mai taksi ya ɗaure but da igiya, ya caje ni kuɗin mutum uku.

Ranar Talata, gidan likita:
aikin da nake kai wa la'asar
na gama shi hantsi bai gama ɗagawa ba.
Na tsaya a miƙe, ban san inda zan sa hannuwana ba.

Na kai wa tunkiyarmu buhun yankan farko.
Ta shinshina, ta ji esansi, ta kau da kai.
Barira na dariya har da riƙe ciki,
ta ce, to, ka sayi wanzamin da ya fi ka sauri,
amma abincin wannan baiwar Allah fa?

Almakashin yana nan a jakata.
Gindin katanga, inda taya ba ta kaiwa,
har yanzu sai na durƙusa,
kuma wannan ɗan abin da na yanko da hannu
shi take ci.