Mai Shan Rairayi

Shekara goma sha tara ina duƙa wa tsintsiya
a masallacinmu na Ali Ɗan Sofo,
har ƙugu ya fara yi mini gardama.
Sai Alhaji Arzika ya dawo daga Kwatano
da wata doguwa mai wuyan zalɓe.

Na ga ƙannenta a babbar kasuwa, masu jan ciki,
tiyo a gaba, tulu a baya.
Nomau mai gyara ya ce, bar su, na siminti ne,
kafet sai wadda ke tsaye,
mai buroshi a ƙasa yana juyi,
yana tono abin da sawu ya binne.

Ranar farko na zazzage jakarta:
rairayi mudu guda,
ƙwayar tasbaha huɗu, dala biyu, ɓawon gujiya.
Ashe a kan wannan muke aza goshi.

Sannu a hankali na gane halinta.
In ta ƙoshi, kuka take ba aiki.
In ta yi ƙaurin roba, bel ne, kashe ta.
Kowace Alhamis nakan kwantar da ita,
in bi da reza in yanke zaren
da ya naɗe mata haƙora,
in wanke matatarta, in shanya
sai ta bushe ƙayau.

Jiya kuran ya ɗauke tun hantsi.
Ta tsaya a lungu kamar mamun da ya makara.
Na ɗauko tsohuwar daga bayan ƙyaure.
Ba ta yi mini gori ba.
Na duƙa.