Ƙwarƙwata a Gidan Mai Kitso

Ni da nake kitse rabin matan layinmu a Ƙauran Namoda,
ni da ake biya in tsaga kai ya fita sumul,
sai ga Barira tawa ta dawo daga islamiyya,
hannu biyu cikin gashi, tana tono kamar kaza a juji.

Na zaunar da ita tsakanin gwiwoyina, na tsefe.
A bayan kunne na fara gani:
ƙwai farare sun manne, ko tsakin gero ya fi su girma,
sai uwarsu, baƙa, mai sauri,
ta bi tsagar da hannuna ya yi shekaranjiya.
Na danne ta, farce kan farce. Ƙas!
Jinin 'yata ne ya fito.

Inna Kulu ta leƙo ta katanga:
"Ɗiga mata fiya-fiya, dare ɗaya an gama."
Na ce, Inna, abin da ke kashe kyankyaso
ba zai kwana a kan yarinya ba.
Kananzir ma a bar wa fitila abinta.

Man kaɗanya na narka, na shafe kan har ya yi sheƙi,
na ɗauko matajin nan mai matsattsun haƙora,
na shimfiɗa farin ƙyalle a cinya.
Tsaga, taje, goge.
Tsaga, taje, goge.
Tana ƙirga masu faɗowa tun la'asar,
a talatin da ɗaya barci ya sace ta.

Da safe tukunya ta tafasa:
kallabi, hijabi, rigar matashi, zanen rufa,
har matajan sana'ata duka sun sha zafi.
Igiya ta cika, tabarma ta hau katanga,
rana ta ƙarasa sauran aikin.
Ƙanenta Sada kuwa, wanzami ya raba gardama.

To, kan mai kitso wa ke duba shi?
Na sunkuya gaban Inna Kulu, kunya kamar ta kashe ni.
Ta yi shiru, ta yi shiru.
Ƙas! Ƙas!
"Biyu," in ji ta, "kuma ban ga komai ba."

Kwana bakwai muka sake zama,
don ƙwan da ya tsere wa mataji ba ya manta ranar ƙyanƙyasa.
Na ce, Barira, kowa da hijabinsa,
ko na ƙawa ne, a gaisa a bar shi.
Ta ce, "Umma, za ki faɗa wa mutane?"

Na faɗa.
Gida-gida na bi iyayen 'yan ajinsu.
Wata ta tsuke baki, wata ta ce ɗiyarta ba ƙazama ba ce.
Na ce ƙwarƙwata ba ta tambayar wa ya yi wanka.

Ran Juma'a kawuna huɗu suka jeru a tsakar gidana.
Ban karɓi ko sisi ba.
Barira ce ke riƙe da ƙyallen,
tana ƙirga.