Tarkon Tsahara

Tsahara ta dawo Damagaram hutu.
Na ce, 'yata, me tarkon naki ke kamawa?
Ta ce, Baba, abin da ido ba ya gani:
ƙwayoyi manne da juna, ɗauke da lantarki.
Ba igiya, ba tsaba.
Mu tsare su cikin bututun da aka zuƙe wa iska,
mu jira.
Wadda zafi ya fi ƙarfinta ta tsage,
wata ta zubar da nata haske-haske, ta huce.

Kuran ya ɗauke a Birni.
Na ɗebo mata ruwa a randar Mirriya
mai gumi tun azahar.
Ta sha, ta dafa cikin randar, ta daɗe.

Ban tambaye ta cikinsu wacce ce ita ba.