Lemon Sista Rifkatu

Sista Rifkatu ta miƙo min lemo da sirinji,
ta ce, "Soka. Lemo ba ya kuka."
Sau bakwai na soka a tsakar gidanta a Kakuri,
hannuna na rawa kamar na sabon ɓarawo.
Ta ce, "Gobe fatar Baba ce.
Tattaro ta da yatsu biyu, shiga a miƙe,
ƙirga goma kafin ka zare.
Kada ka maimaita gurbi ɗaya,
ko gona ana barin ta ta huta."

Baba Tanimu, shekara ashirin da shida a masaƙa,
har ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo.
Ya fito da tari da agogon bango.
Ciwon sukari ya yi sallama daga baya,
hawan jini na biye, ɗan rakiyar da ya ƙi komawa.

Gwangwanin madara ne rumbunmu yanzu.
Farar ƙaramar ta asuba ce, kafin koko.
Mai tsaga a tsakiya rabi ake ba shi,
da wuƙar albasa nake raba ta,
ya ce maganinsa ƙamshin miya yake.
Na ido ɗigo ɗaya ne tak,
amma ya kan ƙifta kafin ya sauka,
rabin kwalbar kumatu ne suka sha.
Na shaƙa yana ƙarƙashin matashi:
girgiza, fitar da numfashi, danna, ja, riƙe.
Ya kan riƙe har sai na roƙe shi,
don in san huhun masaƙi bai mutu ba.

Ruwan allurar ba ya son zafi,
wutarmu kuwa sai ta ga dama.
Na ƙulle kwalbar a leda,
na binne a jiƙaƙƙen yashi, gindin randa,
kullum ina tono ta kamar mai duba ƙwan zabuwa.

Ina ɗan shekara shida zazzaɓi ya kayar da ni.
Shi ne ya matse ni tsakanin gwiwoyinsa,
ya murƙushe ƙwaya a cokali, ya toshe min hanci,
ya yi min ɗura ina shure-shure.
Ɗacin ya kai har kunne.
Da dare ƙaiƙayi ya taso,
ya kwana yana sosa min baya da totuwar masara,
da asuba ya hau keke ya tafi aiki bai runtsa ba.
Wata guda na yi ina gudun cokali,
har na shan kunu.

Bara a asibiti na ga an rataye masa ƙarin ruwa,
na kwana ina ƙirga ɗigo,
na ɓata a ɗari huɗu da wani abu,
na sake daga farko.
A daren na gane jiki gida ne mai ƙofofi da yawa:
baki, ido, hanci, jijiya,
har wadda ba a faɗa a gaban suruki.
Kowane magani ya san ta inda yake sallama.

Gari ya waye. Jirgin safe bai ma yi kuka ba.
Ya ɗage riga, ya kafe bango da ido,
ya ce, "To, Sallau, yau ka rama."
Na tattaro fatar. Ba ta da tauri irin na lemo,
laushi gare ta kamar tsohon zane.
Na yi bisimilla, na shiga, na ƙirga goma,
goman da ta fi hanyar Kafanchan nisa.

Ya ce, "Har ka gama?
Sauron unguwar nan ya fi ka mugunta."
Sai ya ciro hankicinsa ya miƙo min,
don ni ne mai gumi.

Yau dama, gobe hagu, ina yi wa kalanda alama.
Lemon yana nan kan taga, ya bushe, ya ƙanƙance.
Jiya ya ɗauka yana jujjuyawa, yana neman hudar,
ya ce, "Wannan ne ya riga ni shan wuya?
A bar shi nan. Ɗan'uwana ne."