Bakin Tawada

A ƙasan asibiti, gindin tudun Valparaíso,
inda kukan jiragen ruwa ke shigowa ta taga ɗaya tak,
nake yanka naman da ba ya zubar da jini.

Da hantsi kwalba ta iso.
'Yar tsoka ce, ba ta kai ƙwayar wake ba,
tana iyo cikin ruwan magani mai yaji a hanci.
Lamba a jikinta, ƙasan lambar kuma suna:
Eduvigis Millapán.
Na san ta. Ita ke sayar mini da kifi ran Asabar,
ta yi mini gyara da ɗaya, wai na rame.

Na shafa wa gefen baƙar tawada
don a san inda wuƙar mai fiɗa ta tsaya.
Na binne tsokar cikin kakin kyandir
har ta daskare kamar sabulu.
Na juya hannun inji,
reza ta aske ta, ta fi ɓawon albasa sirantaka.
Ta sauka kan ruwan ɗumi tana miƙa
kamar mai tashi daga barci.
Na tsamo ta da gilashi,
na tsoma a rini biyu, shunayya da ruwan hoda.
Hannuna bai yi rawa ba. Sai da na gama.

Dakta Huenchullán ya cire tabarau,
ya kifa ido a madubin ƙara girma.
Shiru. Shayinsa ya huce.
Ya ce, zo ki gani.

Ga gari can ƙasa.
Ƙwayoyin lafiya a jere, kowa da katangarsa,
kamar gidajen unguwarmu a jikin tudu.
Ga wasu kuma sun yi cincirindo,
manyan kawuna, baƙaƙen zukata,
suna haihuwa ba lissafi, suna hawa kan juna.

Ya tura gilashin a hankali, a hankali,
har bakin tawada ya bayyana kamar gaɓar teku.
Tsakaninsu da gaɓar akwai fili fes,
faɗinsa bai wuce kaurin farce ba.
Ya ce, ba su kai ruwa ba.
Ya sa hannu a takarda, ya jawo lamba ta gaba.

Ran Asabar na same ta da gyale a wuya,
tana kankare kifi da hagu.
Maganar ba tawa ba ce, ta likitanta ce, sai Talata.
Na haɗiye ta da ƙyar.
Ta ce, me ya sa kike murmushi haka?
Na ce, ƙaro mini biyu.